Sadakar da ta tare hanya

Ɗan'azumi taubashina ne, ɗan gwaggona da ke Birnin Kudu, kuma tun muna yara ba ya taka ƙafa bakin hanya sai ya yi sadaka. Ko Kiyako zai je sai ya ba wani ƙosai. Ni Hambali, faci nake yi a bakin tashar Gwaram, ba ni da ja da wannan ɗabi'a. Sadaka abu ne mai kyau, amma a san abin da ake bayarwa.

Shekarar da kowa ya duƙufa mainin, wato ana ta dangwalar waya don tara kwayin, kuɗin intanet, Mairama matar Ɗan'azumi ta fi kowa naci. Wayarta ƙarama ce, don haka da tasa take yi, tana tuƙa tuwo tana dangwale. Allah ya taimake ta, kwayin ɗin da ta tara ya yi daraja, ta ce injin markaɗe za ta saya. Sai dai a netwok ɗin da kwayin yake, wato layin intanet da yake bi, ba mai saye. Dole a haye da shi wani netwok ta abin da suke kira gada, kuma gadar ba ta ɗaukar kaya sai an biya kuɗin mota da wani ƙaramin kwayin na daban. Mairama ta san haka, ta tanadi wannan ɗan ƙaramin a walet, wato asusun kwayin da ke cikin wayar.

Ranar da za a haye, ta tafi gidan suna a Wurno, ta bar masa aikin. Ɗan'azumi ya ga dukiya za ta yi tafiya ba a yi mata sadaka ba, hankalinsa bai kwanta ba. Ya duba walet, ya ga wani ɓarɓashi a ƙasan babban, bai san shi ne kuɗin motar ba, ya share shi tas ya turo mini cikin tawa walet ɗin, har da saƙon murya: "Ga sadaka nan, mai faci. A sha shayi, a yi mana addu'a."

Na ce amin, na ci gaba da aikina.

Washegari da hantsi sai ga shi a kan babur, ya yi futu-futu. Ya gaida mutanen da ke zaune a bencina, ya ja ni bayan rumfa.

"Abin nan na jiya," in ji shi, "yana nan?"

"Wane abu?"

"Kai dalla. Wanda na turo."

"Au, sadakata? Tana nan lafiya, tana gaishe ka."

Ya nuna mini wayar. Ya danna, gada ta ƙi. Ya sake dannawa, ta fito da jan rubutu. Farashin kwayin kuwa sai zamewa yake yi, tun jiya an ci rabin ƙafar injin. Mairama ta dawo daga suna ta tambaye shi, ya ce mata kaya suna kan hanya, go-sulo ne. Sayen wani kuɗin motar kuma ita kaɗai ta iya, in ya tambaye ta asiri ya tonu.

"Maido mini," ya ce.

Na ɗaga murya yadda 'yan benci za su ji. "Malam Ikrima, don Allah, mutum ya yi sadaka, ya halatta ya dawo ya ce a ba shi abinsa?"

Malam Ikrima limamin masallacin tasha ne, tayar kekensa ya kawo. Ya gyara zama ya ce, "Subhanallahi. Abin ƙi ne ƙwarai. Wa ya yi haka?"

"Wani bawan Allah daga Birnin Kudu."

"To sayar mini," in ji Ɗan'azumi, yana magana ta cikin haƙora.

Malam ya ce ko saye ma ba a so mutum ya sayi sadakarsa.

Gumi ya karyo masa. Na bar shi ya jiƙa sosai, sannan na ce akwai hanya guda. Abu ya zama nawa, ina da ikon in yi sadaka da shi ga duk mabuƙacin da na gani. Amma mabuƙaci ba ya karɓa a tsaye da hannu a aljihu.

"Hambali, ka ji tsoron Allah. Ni fa na girme ka."

"Injin yana ƙara zamewa, Yaya."

Ya dubi wayar, ya dubi benci. Ya tattare rigarsa ya tsuguna a gaban kwanon ruwan faci, ya miƙo hannu biyu. Na tura masa. Ya ce, "Allah ya ba da lada," kamar ana zare masa ƙaya.

"Ba mu ji ba," in ji mai shayi.

Ya maimaita da ƙarfi, tasha ta ɗauki amin.

Yana miƙewa ya kai yatsa zai tura dukiyar gaba ɗaya. Na riƙe hannunsa. Ni ko taya na liƙe sai na tsoma ta a ruwa kafin in ba mutum ya hau. Na sa ya buɗe gadar da Mairama ta ajiye masa, ba wadda wani baƙo ya turo a guruf ɗin hirarsu na waya ba. Muka bi adireshin harafi harafi, Malam Ikrima yana karantawa da tabarau, muka tura ɗan kaɗan tukuna. Muka zuba wa waya ido har ya bayyana a ɗaya gefen. Sannan aka tura sauran, suka haye lafiya.

Ɗan'azumi ya sauke ajiyar zuciya, ya roƙe ni kada maganar ta isa Birnin Kudu. Na yi masa alkawari, kuma na cika. Abin da bai sani ba, walet ba ta mantuwa. Yana isa gida Mairama ta karɓi waya, ta ga ɓarɓashinta ya je Gwaram ya kwana ya dawo.

Injin da ta samu ya ɗan fi wanda ta so ƙanƙanta, amma yana markaɗe har da niƙan gero. Da na je ganinsa, na tarar ta sa an rubuta a jikinsa da jan fenti: SADAKAR HAMBALI. Ɗan'azumi ne ke tayar mata da shi kullum da safe, kuma wajen jan igiyar dole sai ya sunkuya daidai kan rubutun.