Mikiyar da Baba ya rufe da leda

"Injinka ne ya tsufa, ya Subhi."

"Injina ya girmi 'yarka, ya Hajj Fikri, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Takardarka ce ke da ciwo."

Ɗaya da minti ashirin. Suna ta yi a kaina, Baba da Ammu Subhi mai shagon kwafi, ni kuma ina kan kujerar roba gaban kwamfuta, ina kallon jan rubutu. Ba a karɓar irin wannan fayil. Sau nawa ke nan? Bakwai? Har na ba shi murya, muryar mace mai mura wadda ba ta karya kumallo ba: ba a karɓaaar…

Ƙarfe biyu shafin intanet na neman gurbin zai rufe. Gidan rediyo a Alƙahira na neman matasa shida da zai koya wa karanta labarai, kada a wuce shekara ashirin da biyar. Ni wata mai zuwa zan cika ashirin da shida. Bana ce kawai, babu wata baɗi. Muryata sun ji, sun ce ta yi. Takardar digiri kaɗai ta rage — hotonta, ba ma ita kanta ba.

PDF suke so. Injin ɗaukar hoton takarda na Ammu Subhi kuwa TIFF yake haifa, tun zamanin da gashin Ammu yake baƙi, bai san wani abu ba. Mun juya shi PDF, ya kumbura ya fi ƙarfin shafin. Kada ya wuce rabin mega, in ji su. Mun matse shi… ya shiga. Jiya ke nan. Na yi rawa a tsakar shago, na sayo wa kowa ruwan rake. Da safe sai ga waya, Madam Afaf ta ofishin ɗaukar ma'aikata: "Ya Anisa Basant, hatimin gwamnati mai mikiya bai fito ba. Ni ban ga mikiya ba, tabo na gani. Takarda babu mikiya, takardar naɗe ƙosan ta'amiya ce." Ta hanci take magana, tana jan ƙarshen kalma kamar cingam. Kafin ta ajiye waya na riga na iya kwaikwayon muryarta. Ina amfanin hakan?

In fayil ya yi girma, shafi ya ƙi. In ya ƙanƙance, mikiya ta mutu. A tsakani babu komai — na nema, wallahi na nema.

Ɗaya da talatin da biyar. Na ɗauki hoton takardar da wayata, ta ba ni wani abu wai HEIC, kwamfutar Ammu ta dube shi kamar baƙon da ya zo daidai lokacin cin abinci. Na tura wa Duha 'yar gwaggona ta juya shi, ta dawo da shi a kwance, mikiya na kallon Libiya.

Kuma ba injin ba ne. Duk mun sani, mu ukun, shi ya sa suke ɗaga murya.

Ledar ce.

Ranar da na karɓo takardar nan daga jami'a, Baba bai bari ta kwana tsirara ba. Ya sa jallabiyarsa ta Juma'a, ya riƙo ta da hannu biyu tun daga gida har nan, rabin garinmu Damanhur na yi masa barka. "A rufe min ita da leda mai kauri, ya Subhi, wadda ko jikokinta ba za su yaga ba." Shi kuma Ammu ya zura ta a injin zafi, ta fito tana sheƙi kamar farantin amarya. Haka muke yi. Takardar haihuwata, ta auren Mama, har katin rigakafin ƙanina — komai na gidanmu a leda yake. Yanzu fitilar injin na bi ta kai, ledar na mayar da haske, daidai kan hatimin. Rabin mikiya fari fat. A babban fayil ana ganin fiffike ɗaya, a ƙarami ko shi babu.

A ɓare ledar? Tawada za ta biyo ta. Sabuwar takarda daga jami'a? Sati biyu, in ma mai buga hatimin bai tafi Umra ba.

Ɗaya da hamsin.

Ina da shekara tara, ludayi a hannu, ina tsaye kan kujerar falo: "Masu sauraro, ga labaran duniya, Mama ta ƙona shinkafa…" Baba ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci. Shi ya fara cewa a rediyo zan ƙare. Shi ya kai ni tashar jirgin ƙasa ranar gwajin murya, ya tsaya a dandamali yana ɗaga min hannu kamar mai tafiya Kanada. Yanzu ga shi can yana nuna Ammu da yatsa, kunnuwansa sun yi ja, ya ƙi kallon inda nake. Ya sani. In ce masa me? Baba, ƙaunarka ce ta yi kauri, haske ba ya ratsa ta?

Ko in kira ofishin da muryar Madam Afaf? "Na ga mikiyar, a wuce da yarinyar." Zan iya, har tarin nata zan yi. Sai dai ita ce ke ɗaukar wayar.

Sake gwadawa. Matse kaɗan, ba da yawa ba… kilobait ɗari biyar da goma sha biyu, iyakar kuwa ɗari biyar. Sha biyu kacal ya hau. Jan rubutu. Ƙara matsewa — ɗari huɗu da casa'in, ya shiga, na buɗe in duba: tabo. Shuɗin tabo kamar an murƙushe sauro.

Da'irar jira ta kan allo tana juyawa… tana juyawa… An rufe karɓar takardu. Mun gode da sha'awarku.

Biyu daidai. Ana kiran wani a waje, mai keken tuktuk na ta hon. Ya kamata in juya in gaya wa Baba da Ammu su daina gardama. Na buɗe baki, ina laluben muryar da zan faɗa da ita — ta Madam Afaf ta zo, ta mai mura ta zo, ta Mama, ta mai karanta labaran ƙarfe tara… tawa fa? Wacce ce tawa? Na gaji. Hannuna kawai na ɗaga, na nuna allon.

Suka dubi allon. Ammu Subhi ya cire tabarau. Baba ya ɗaga murfin injin a hankali, ya zaro takardar, ya goge ta da hannun riga, ya karkata ta wajen hasken ƙofa.

"Amma ku dubi yadda take, don Allah. Shekara uku, ko lanƙwasa babu."