Ƙarin da Aka Yi wa Hijabin Auta

Ranar da Auta ta faɗa wa Umma abin da Mai Makullai ya yi mata a ƙarƙashin matakalar bene, kafin magariba magana ta bar kansa ta koma kan hijabinta.

Gidan haya ne mai hawa uku, su Auta suna can sama, kuma matakala ɗaya tal ake bi. A lungun ƙasa, kusa da mitocin wuta, mai kula da gidan, wato Mai Makullai, yake yini a kan benci, makullai na reto a ƙugunsa. Ƙwan lantarkin lungun ya daɗe da mutuwa. Aikinsa ne ya canja shi, amma kullum sai ya ce gobe. A cikin duhun nan ya kama Auta da safe, tana sauri za ta makarantar koyon aikin jinya. Ya manna ta da bango, hannunsa ya je inda bai kamata ba. Ta fizge ta gudu, ta yini a aji ba ta san abin da aka koyar ba.

Umma ta yi kuka, sannan ta tashi ta rufe taga, ta ce a rage murya. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ɗinki ne sana'arta, ta tambayi wane hijabi yarinyar ta sa. Aka ɗauko shi, shuɗi, iya gwiwa. Gwaggo ta ɗaga shi saitin fitila kamar likita da hoton ƙirji, ta ce ai ga cutar nan. Kaka kuwa, mahaifiyar Baba, ta ce ita ba ta ga mai ladabi irin mutumin nan ba, har ƙasa yake gaishe ta, shi ke hawo mata da kaya. Ta rufe da maganarta ta kullum, wai ƙuda ba ya sauka a kan abin da aka rufe.

Da labarin ya isa wurin Baba, an wanke shi an shanya, ya koma wai an ɗan tsorata Auta a matakala. Baba ya ce to, in ya sake jin makamancin haka, makaranta ta ƙare, gara ta zauna a gida da a riƙa yawo da sunanta a baki.

Gwaggo ta yi wa hijabin ƙari. Shuɗin yadi ya ƙare mata, sai ta sa kore. Bayan 'yan makonni Auta ta hawo bene a guje ta shige ɗaki, ta ce kanta ne ke ciwo. Gwaggo ba ta tambaye ta komai ba, ta dai ɗauki hijabin ta ƙara masa wani yadi ruwan ƙasa. Yanzu yana jan ƙasa a bayanta. Matar hawa na biyu har godiya ta yi, ta ce tun da aka gina gidan matakala ba ta samu shara irin ta bana ba. Yaran gidan suka sa wa Auta suna Labule. Daga ƙarshen layi ma ana gane ta.

Auta ta koyi tsayawa a sama tana sauraron ƙarar makullai, ta jira wani ya sauka ta bi bayansa. Wata rana a dace, wata rana a'a. Jarrabawa ta matso, ita kuma ta haɗiye maganarta.

Wata safiyar Asabar aka yi rasuwa a layin baya, mayafan Kaka duka suna kan igiya a jiƙe. Ta leƙa ɗakin Auta ta nuna hijabin, ta ce a ara mata tantin nan. Tsayinsu ɗaya, sai ya zauna mata das.

“Kaka, kada ki sa wannan,” in ji Auta.

Kaka ta tambayi dalili. Baba na falo yana shan shayi, ƙofa a buɗe. Auta ta dubi ƙofar, ta ce tsawon hijabin zai kayar da ita ne kawai. Kaka ta yi dariya ta ce ta gane, tsoro ake ji kada tsohuwa ta fita ta kwashe wa 'yar boko samari. Ta tattare ƙarin da hannu ɗaya ta fita.

Auta ta bi ta ko takalmi babu. Tana hawa na biyu ta ji makullai sun motsa. Ta buɗe baki ta kira Kaka, amma ta makara. Salati ya tashi daga lungu, sai kuma muryar namiji tana cewa a yi haƙuri, hannunsa zai karye.

Hannun Kaka ya matse wankin 'ya'ya da na jikoki, bai san sakin abu ba. Haka ta jawo Mai Makullai har bakin ƙofa, cikin hasken rana. Gida ya fito kaf, Baba da kofin shayinsa a hannu. Mutumin ya zube a gaban Kaka, ya faɗi abin da yake ganin zai wanke shi.

“Wallahi, Hajiya, ban san ke ba ce. Na zaci Auta ce.”

Auta na kallo wasu suka gyaɗa kai. Mai shagon ƙasa ya ce to kun ji, ashe kuskure ne. Wani ya ce a rufa asiri, mutum ne mai iyali, aikin shaiɗan ne. Kaka ta sunkuya ta dubi jikinta, shuɗi, kore, ruwan ƙasa, ko yatsan ƙafarta ba a gani. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta nemo Gwaggo a cikin taro.

“Ke tela, zo ki auna ni. Ki ga inda ya rage a ƙara.”

Gwaggo ta ɓuya a bayan Umma. Babu wanda ya yi dariya sai matar hawa na biyu, ita ma ta mai da shi tari.

Baba ya juyo wurin Auta ya tambaye ta ko wannan shi ne tsoratarwar da aka ce an yi mata. Ta tuna jarrabawa, ta tuna farar rigar makaranta da ta goge ta rataye a bayan ƙofa. Tana iya cewa sau ɗaya ne, tun wancan karon, magana ta mutu.

“Bai taɓa dainawa ba, Baba. Na yi shiru ne don kada ka cire ni daga makaranta.”

Baba ya ajiye kofin a kan benci a hankali. Ya miƙa hannu ya kwance makullan daga ƙugun mutumin, ya ce wa mai shago ya tsayar da mota, za su ofishin 'yan sanda. Umma ta fara batun abin da mutane za su ce. Kaka ta ce mutane ai ga su nan sun riga sun ce, kuma ita ce mai ƙara ta ɗaya, Auta ta biyu. Aka kawo wa Kaka mayafi, ta ce ba za ta cire hijabin ba, shaida ne.

Ran Lahadi Gwaggo ta zauna da reza tana farke ƙarin, tana mitar cewa ɗinkin dai babu wanda zai kushe shi. Kaka ta ce a yi mata rigar matashin kai da koren. Da suka haɗa ido da Auta, tsohuwar ta kau da kai, ta ce ƙudan zamani ba su da tarbiyya. Daga baya ta kama hannunta ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.

Litinin da safe Auta ta sauko da jakarta, hijabi iya gwiwa. Ta tarar da Baba tsaye a kan bencin lungu yana murza sabon ƙwan lantarki. Ta gaishe shi, ta tsaya tana jiran hukunci. Wuta ta kama, ya ƙifta ido, ya dube ta daga sama.

“Me kike jira? Za ki makara.”

Tana fita ta jiyo matar hawa na biyu daga sama tana tambaya, to yanzu wa zai riƙa share matakala.