Goben Tela

Tana cikin goge masa baki da tawul likita ta shigo riƙe da takarda da biro. Matar tela na ganin takardar ta gane ta. Irinta ce mijinta ya sa wa hannu da kansa sati uku da suka wuce, yana ta zolayar ma'aikatan jinya, ranar da aka buɗe ƙirjinsa aka cire bawul ɗin zuciyarsa da ya tsuke, aka sa masa na ƙarfe.

Aiki ya yi kyau, haka suka ce. Amma da ya farka hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta tafi. Wai gudan jini ne ya haura ƙwaƙwalwa. Duk surutun mutumin nan, wanda ko ƙarar keken ɗinki ba ta danne muryarsa, kalma ɗaya tak ta rage masa: gobe. Kana jin yunwa? Gobe. Ina ke maka ciwo? Gobe. Da ma'aikatan jinya suka ji sana'arsa sai da suka ɓoye fuska suna dariya. Ita ma ta dara, sannan ta shiga banɗaki ta ci kuka har ta gode Allah.

"Mama, zazzaɓin nan ba na banza ba ne," in ji likita. "Ƙwayar cuta ta kama wurin, ɗinkin da ke riƙe da bawul ɗin ya fara saki. Sai mun sake buɗe shi, kuma yau."

"In kun buɗe zai tashi?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, yana iya tashi, yana iya ƙin tashi. In muka bar shi kuwa, da wuya zuciyar ta kai mako."

Yayan tela, wanda tun safe yake tsaye bakin taga, ya juyo a fusace. "Haba likita! Mutum buhu ne, a farke a ɗinke, a farke a ɗinke? Ga mai ran nan a kwance, a tambaye shi mana." Ya sunkuya kan gadon. "Ƙanena, a sake yanka ka yau?"

Tela ya yi ta kokawa da leɓensa. "Gobe."

"To, kun dai ji da kunnenku."

"Yaya, ko ruwa ka miƙa masa haka zai ce," in ji matar.

"Ni nono ɗaya muka sha da shi. In ya tafi a kan teburinsu, ke kika sa hannu." Ya fice. Likita ta ajiye takardar a kan gado, ta ce za ta dawo nan da minti goma.

Maganar yayan ta yi wa matar tela zafi, don ita ma abin da take tsoro ke nan. Shekara ashirin da bakwai tana jin goben mutumin nan. Ta san wadda ke nufin jibi, ta san ta wata mai zuwa, ta san wadda ke nufin ko yanka yadin bai yi ba. Ta yau ce kaɗai ta gagare ta.

Ta ja kujera ta matso. "Maigida, sun ce ɗinkinsu ne ya saki. Kai ka sha ɓata wa mutane rai da jira, amma ban taɓa jin wanda ya ce ɗinkinka ya warware ba. Da kai ne ka yi aikin nan, za ka bari a tafi da shi haka?"

Hannunsa na hagu ya lalubo gefen zanen gado, ya bi kalmasar da babban yatsa, ya ja ta, ya sake ja, yadda yake gwada aikin da bai yarda da shi ba. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido. Ko na'am yake nufi, ko tsoro ne kawai, Allah masani. Ta ɗauki biro, ta sa hannu.

Da aka turo gadon zuwa ɗakin tiyata, yayan ya bi su a baya, ko kallonta bai yi ba. A bakin ƙofa aka tsayar da su. Ta kama yatsun mijinta.

"Sai ka fito, ka ji? Ina nan, ba inda za ni."

Ya dube ta, ya daɗe. "Gobe," ya ce.

Yayan ya juya fuska bango, kafaɗunsa na girgiza. Ita kuwa ta gyara wa mijinta bargo.

"To," ta ce. "Allah ya kai mu."