Harshen Baba Gurgen

Zebo tana ajiye farantin dafa-duka a kan tebur Baba Gurgen ya ce ta sauka rumbun ƙasa ta ɗauko masa kwalbar jar giya, ta jere na uku daga hagu. Ta ce likita ya hana. Ya ce likitan nan ko bambancin inabi da tsamiya bai sani ba.

Shekara ashirin da shida suna katanga ɗaya a wannan lungu na Samarkand. Ita ko ɗigo ba ta taɓa sha ba. Shi kuwa rayuwarsa duk a masana'antar giya ya yi ta, yana ɗanɗano, har ya yi ritaya. Masu dafa abincin biki har ƙofar gida suke zuwa tambayarsa. Ya ce musu tsiren rago sai ja mai ɗaci wadda za ta yanke maiƙo, kifin tafki sai fara mai sanyi, mai zaƙi kuwa a bar ta sai an kawo busasshen inabi da gyaɗa. Wanda ya saɓa, sai ya ce ya aurar da abinci ga wanda ba sa'arsa ba. Tun da matarsa ta rasu, 'yarsa Araksiya ta koma Rasha, Zebo ke miƙo masa abinci. Da ciwon maƙogwaro ya kwantar da shi sai ta fara shigowa da kanta.

Tana zare murfin kwalbar warin ya doki hancinta. Giyar ta juya, ta zama ruwan tsami irin wanda take jiƙa albasa da shi. Kafin ta buɗe baki ya riga ya tsiyaya. Ya ɗaga kofin ga hasken taga, ya juya shi, ya ci loma ɗaya, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Kin gani ko, 'yar nan? Wannan ita ce abokiyar naman rago."

Ya buɗe ido ya ga fuskarta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dubi kwalbar.

"Ta lalace ko?"

"Ta lalace, Baba."

Ya ajiye kofin a hankali. Ya gaya mata tun farkon bazara komai ya koma masa kamar yana tsotsar cokali. Kwana goma da suka wuce wani mai gidan biki ya zo da kwalabe huɗu, ya zaɓar masa biyu da ka, bai ji ɗanɗanon ko ɗaya ba, mutumin ya tafi yana ta godiya. Ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa a lungun.

Daga ranar ya daina ci. Ta kawo romo, ta kawo madara da burodi mai zafi daga tanda, ya ce ta kai wa masu baki. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, har kuka ta yi. Ta kira Araksiya a waya sau uku, ita kuma ta ce ba za a ba ta hutu a wurin aiki ba sai ƙarshen wata.

Ranar wata Talata da hantsi Zebo ta shigo da shayi ta same shi a kujerarsa, kai ya karkace, jiki ya yi sanyi. Ita ta rufe masa ido.

Araksiya ta iso bayan an binne shi da kwana biyu. Ta kulle gidan ta koma.

Lokacin kaka ya shigo, inabin tsakar gidansa ya nuna ba mai tsinka. Reshe ɗaya ya tsallako katanga. Zebo tana shanya tana jin ƙudan zuma na ta kuka a cikin 'ya'yan inabin da suka fashe, ruwansu na ɗiga a ƙasa.