Dawakan da Suka Ɓata a Hanyar Djougou

Hantsi ya ɗaga, ruwan asuba ya ɗauke amma kwalta ba ta bushe ba, lokacin da Mansour ya sake taka totur a kan hanyar Djougou. Motar ta yi gurnani ta ɗebi hanya. Iliassou bakanike yana zaune a gefensa da wayar Mansour a hannu, yana kallon lambar da ke hawa a fuskarta.

“Nawa?” in ji Mansour.

“Ɗari da tamanin. Ɗari biyu. Ɗari biyu da goma…”

Sai motar ta yi sanyi. Ba ta mutu ba, ba ta yi tari ba, kamar dai wani ne ya riƙo mata riga ta baya. Allurar injin ta ɗan wuce dubu huɗu tana ta hawa a hankali, amma lambar wayar ta juyo ƙasa.

“Ɗari da sittin,” in ji Iliassou.

Mansour ya daki sitiyari. “Ka gani ko? Kullum a nan. Ƙarfin doki ɗari biyu da sittin aka ce mini a Cotonou. Ina sauran? Kiwo suka tafi?”

Kafin damina Mansour ya kai motar Cotonou, aka sa mata babban turbo, wani mai ordinata, wato kwamfuta, ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ya dawo da wani ɗan abu da ake maƙalawa ƙarƙashin sitiyari, wanda ke aika wa waya ƙiyasin ƙarfin injin. Da farko lambar tana cika, har allura ta kai dubu shida ba ta sauka. Duk ’yan unguwar Gare sun gani, don Mansour bai bar kowa bai nuna masa ba. A cikin wannan ɗoki ne ya yi alkawarin tsere da wani mai suna Bachir ran Lahadi, a miƙaƙƙiyar hanyar bayan gari. Sai kuma ƙarfin ya fara ɓata.

Iliassou ya yi iya yinsa. Ya canza buji. Ya shafa wa kowane tiyo ruwan sabulu ko zai ga kumfa inda iska ke zurarewa, bai gani ba. Ya zargi kpayo, man kwalba na bakin titi, ya juye tanki aka sha na gidan mai. Duk a banza.

“In turbo ne ya lalace, tun daga ƙasa ba za ta ja ba,” ya ce a hankali. “Wannan kuwa tana tashi lafiya, sai ta kai inda take son iska da yawa ta shaƙe. Kamar mai gudu ne aka toshe masa hanci. Ka bar ni in buɗe akwatin filta.”

“Na gaya maka filtar sabuwa ce, daga waje aka kawo ta. Kada ka sa mata wannan hannun naka. Kai dai ka ce aikin ya fi ƙarfinka, in kai wa Taufiƙ bakanike a unguwar Kpébié.”

’Yar rumfar gyaran Iliassou ta unguwar Ganou da motocin abokan Mansour take rayuwa, kuma inda Mansour ya juya nan suke juyawa. Ya kalli titin da ke sheƙi da ruwa, ya tuna tayoyin baya. Tun watan jiya ya ce a canza su, sun suɗe kamar tafin hannu. Mansour ya ce taya ba ta ƙara doki.

Sun isa Djougou gab da azahar, suka tsaya gidan mahaifiyar Mansour. Inna Safiyatu ta kawo musu sakwara da miyar wagashi, cukun Fulani, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon ɗanta yana ci. Da ya gama ya ce zai leƙa abokansa a kasuwa, ya jefa wa Iliassou makulli.

“Ka sake dubawa. Ban da filta.”

Iliassou ya jira har ya sha kwana, sannan ya ɗaga kapo, murfin injin, ya ɓalle maƙalan akwatin. Filtar kam sabuwa ce, Mansour bai yi ƙarya ba. Amma da ya ɗaga ta sai ya ga wani abu kwance a kusurwa: laya ce mai faɗin tafin hannu, cikin jar fata, an ɗaure ta da baƙin zare a jikin akwatin. Ya ɗauke ta ya kara a bakin bututun da iska ke bi zuwa injin. Ta rufe fiye da rabinsa, kuma zaren ya kai ta daidai wurin. Ashe in ana tafiya sannu tana kwance abinta, in injin ya ja iska da ƙarfi sai ta tashi ta manne.

Ya tsaya yana dariya shi kaɗai, har bai ji zuwan Inna ba.

“Kai, ɗan nan! Maza ka mayar da ita.”

Ya russuna. “Inna, ke kika sa?”

“Ni ina na san cikin mota? Kawunsa Awalu direba na roƙa, ranar da Mansour ya zo ya kwana biyu. Shi ya ce a nan suke sa tasu a kamiyo, manyan motocin kaya, ruwa ba ya taɓawa, ɓarawo ba ya gani. Har ya tsufa yana jan kaya zuwa Malanville, ko akuya bai taɓa bugewa ba.”

Iliassou ya gyaɗa kai. Akwatin iskar kamiyo ai ya kusa girman tulu, ko layu goma aka zuba ba zai ji ba.

Inna ta ajiye kofin ruwan da ta kawo masa a kan dutse. Ta rage murya. “Yaran unguwa sun ce wai tsere zai yi. Ban tambaye shi ba, don zai ce mini ƙarya ce. Ubansa a kan wannan hanyar aka ɗauko mini shi, a lulluɓe. Shi kaɗai ne namijin da ya rage mini.” Ta dubi layar a hannunsa. “Kai da ka san mota, tana aiki kuwa?”

“Tana aiki, Inna. Sosai ma.”

“To ka daina jagwalgwala ta da baƙin mai. Ku yaran yanzu komai sai kun buɗe.” Ta koma cikin gida.

Abin ba wuya. In ya yanke zaren, ya sa layar ƙarƙashin kujera, shi ke nan. Inna tana da layarta, Mansour yana da dawakansa, shi kuma gobe duk Gare za a ji cewa Iliassou ya gano abin da ya gagari kowa. Har ya zaro ’yar wuƙarsa. Sai ya zagaya baya ya durƙusa, ya shafa tayar da yatsa. Santsi. Can gabas kuma hadari yana sake haɗuwa.

Ya mayar da wuƙar aljihu. Ya goge layar da gefen rigarsa, ya kwantar da ita a kusurwarta, ya ɗora filta, ya danne maƙalan.

“Ka samo?” in ji Mansour da ya dawo.

“Ban samo ba.”

“Dama na sani. Ai gara ka koma gyaran babur.”

A hanyar komowa Mansour ya gwada ta sau ɗaya, ta sake shaƙewa a inda ta saba. Ya yi tsaki ya kira Bachir.

“Bachir, a ɗaga maganar nan sai bayan damina. A’a, ba tsoro ba ne! Injin ne ake wa wani aiki na musamman. Kai dai ka shirya kuka.”

Ya kashe wayar. “Gobe Taufiƙ zai karɓe ta.”

“To,” in ji Iliassou. “Ka ce masa ya fara da filta.”

“Filta kuma? Wallahi ko shi ya taɓa ta sai mun ɓata.”

Iliassou ya juya fuska wajen taga. Abin da yake son ji ke nan.

Yayyafi ya fara lokacin da suka shigo Ganou. Mansour ya tsaya nesa da rumfar, bai kashe injin ba, bai ce sai an jima ba. Iliassou ya fita da jakar kayan aikinsa, sai ya ga kapo bai kama sosai ba, yana ɗan rawa. Ya sa tafin hannu ya danna shi har ya ji ya shiga. Mansour yana kallon wayarsa. Ya ja mota ya tafi.