Kofi Na Biyu a Teburin Bushiya

Littafi goma sha huɗu Hilda Tregarth ta rubuta wa yara, dukkansu a kan wata bushiya mai suna Tibbet da ke zaune ita kaɗai a gindin shingen wani lambu. Ita kaɗai fa, haka Hilda ta rubuta tun a shafin farko, don ita ma haka take zaune a ɗan gidanta na bakin teku a yankin Cornwall, can kudancin ƙasar. Amma da littafin farko ya fito, sai ta ga mai zanen hotunan ya jera kofin shayi biyu a teburin bushiyar.

Ta ɗauka kuskure ne. Na biyu ya fito, kofi biyu. Na uku ma haka, har da tururi yana tashi daga kofin da babu mai shansa.

Alec Rennison sunan mai zanen, can arewa yake kusa da iyakar Scotland, kuma ba su taɓa haɗuwa ba. Al'adar kamfanin da ke buga littattafan ke nan: marubuci ya aika rubutunsa London, su kuma su miƙa wa mai zane, kowa ya tsaya a aikinsa. Editarta, Misis Ashcombe, takan ce in aka haɗa su, yau marubuci zai ce a rage hancin bushiya, gobe ya ce a sake mata hula, littafi ba zai fito ba har abada. Hilda ta ce haka ne, ta ja bakinta ta tsuke. Mu mutanen ƙasar nan ai mun iya shiru. Mutum sai ya tsufa da tambaya a bakinsa don kada a ce ya cika shisshigi.

Yara kuwa ba ruwansu. Kowane mako mai kawo wasiƙa zai zube mata takardunsu, rabi duk tambaya ɗaya ce: kofin waye na biyun? Da hannunta take ba kowa amsa, cewa Tibbet na jiran baƙo ne. Wane baƙo, ita ma ba ta sani ba.

Abin da ke shiga tsakaninta da Alec bai wuce katin Kirsimeti ba, shi ma ta London yake biyowa. Gaisuwa layi ɗaya, sai haruffan farko na sunansa. Guda ashirin da bakwai ta tara a gwangwanin biskit. Tana son mutumin nan da ko fuskarsa ba ta sani ba, ta kuma san mace mai furfura bai kamata ta yi irin wannan wauta ba, amma sanin bai rage komai ba. Sau da yawa takan saka ruwan sama a labari ba don labarin na bukatarsa ba, sai don ta ga yadda zai zana shi.

Wata Talata Misis Ashcombe ta bugo waya ta ce Alec ya ajiye alƙalami, ba shi da lafiya, za su nemo wani matashi ya zana littafi na gaba. Hilda ta nemi adireshinsa.

"Haba Hilda, sai yanzu? Ai da kin tambaya tuntuni da na ba ki. Dokar ta masu fitina ce, ba irinki ba."

Jirgin ƙasa uku ta canja, ta kwana a hanya. Da la'asar ta ƙwanƙwasa ƙofar wani gidan dutse, 'yarsa Moira ta buɗe. Tun a bakin ƙofa Moira ta gaya mata cewa babanta ya shiga mantuwa, wani lokaci ita kanta sai ya tambaye ta sunanta. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Abu ɗaya ne bai manta ba: ƙarfe huɗu na yi zai jera kofi biyu, ya cika su, kuma ba a taɓa na biyun.

Hilda ta tarar da Alec zaune a bakin tebur da kofi biyu a gabansa, dogo ne siriri. Ya miƙe ya ba ta kujera kamar yadda ake yi wa baƙuwa. Hilda ta faɗi sunanta, sunan ya wuce ta gefen kunnensa. Sai ta ciro littafin farko daga jaka, ta buɗe shafin teburin, ta yi tambayar da ta riƙe shekara ashirin da bakwai.

"Malam Rennison, kofin waye wannan?"

Ya yi dariya, fuskarsa ta washe.

"Nawa ne mana. Tun da na karanta shafin farko na ce, matar da ta rubuta wannan ita kaɗai take shan shayi. Sai na ajiye kofina a teburinta. Na ce in ta gani za ta tambaya." Ya nuna kofin da ke gabansu yana tururi. "Wannan kuma nata ne. Ba ta zo ba tukuna, amma kin san Cornwall da nisa."

"Baba, ai ita ce wannan a gabanka," in ji Moira.

Ya dubi Hilda da kyau, cikin ladabi, ya girgiza kai, ya juya wajen Moira.

"Ke dai kin cika tsokana. Je ki kawo wa baƙuwa kofi."

Moira ta kawo wani kofi mai ɗan tsaguwa a baki. Da shi Hilda ta sha shayinta, idonta na kan nata kofin, wanda ba ta da ikon taɓawa, har tururinsa ya ƙare. Baƙin ciki ya cika mata ƙirji, tare da wani daɗi da ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Shi kuwa yana ta ba ta labarin Tibbet, yana yabon mai rubutun, wai babu wanda ya kai ta iya saka ruwan sama a inda ya dace.

Da ta tashi tafiya ya raka ta har bakin ƙofa, ya riƙe mata rigar sanyinta ta saka.

"Gobe ma ki zo," in ji shi. "Wataƙila ki same ta."

Hilda ta ce za ta zo.