Amalanke a Zauren Alhaji Rabo

A shekararmu ta ƙarshe a makarantar koyon sana'a, mu uku aka haɗa: ni, da Sabitu ɗan Dutsin-Ma, da Ilu ɗan Kurfi. Malaminmu ya ce mu ƙera amalanken shanu wanda zai iya hanyar Barkiya da damina, zai zo Kurfi ya ga yana tafiya. Sakamako kuwa ɗaya ne, ko mu ci tare ko mu faɗi tare.

Mahaifin Ilu, Alhaji Rabo, mai fataucin hatsi ne, mutum mai jin kansa. Da ya ji labari sai ya haɗe rai, ya ce ɗansa ba zai tsaya a fili yana dukan ƙarfe kamar ɗan maƙera ba, garin nan a yi ta yi da shi. In dole ne, mu shige zaure mu saki asabari. Muka shige.

Mun auna ƙafa, mun auna sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun, Sabitu sarkin lissafi har nauyin buhun gero ya auna. Ƙofar zaure ce kaɗai ba wanda ya auna. Ranar da muka tura amalanken sai ya ci karo da bango hagu da dama. Kwancewa kuma ba ta yiwuwa, don mun dasa ƙusoshin da wuta, mun daddake kawunansu, muna ta yabon kanmu.

Haka muka zauna kwana da kwanaki, mu da amalanken, kowa ya shigo sai ya raɓa bango. Ilu ya rame, har na ji tausayinsa ya fi nawa, don zauren kakansa ne ya gina shi. Ya roƙi Alhaji a faɗaɗa ƙofar, Inna mahaifiyarsa ma ta roƙa, Alhaji ya ce ko tubali ɗaya ba a taɓawa.

Da hantsin ranar da malamin zai zo, Ilu ya ɗauko diga. Alhaji na zaune kan buzu bai ko tashi ba.

"In ka hwasa ƙohwar nan," ya ce, "kai ma ta nan za ka hita."

Ilu ya dube ni, ya dubi Sabitu. Wallahi na so in ce ya bari. Ya ɗaga digar.

Amalanken ya fita lafiya, ko ƙara bai yi ba. Mu biyu muka ja shi, Ilu ya biyo mu a baya da akwatinsa a ka.